Kiran Kati da Kiran WhatsApp: Me Ya Sa Ɗaya Ke Shiga, Ɗaya Ke Kakkatsewa?

Alhaji, ka tambaya me ya sa a kasuwar Mile 12 ta Legas da hantsi kiran kati ke tafiya lafiya, amma na WhatsApp sai murya ta riƙa yankewa, alhali sandunan sabis a cike suke.

Sandunan nan ƙarfin siginar da ke tsakanin wayarka da turken sadarwa kawai suke nunawa. Ba su faɗin yawan mutanen da ke kan turken.

Kiran kati a 2G, tsarin GSM da ya shigo Najeriya a 2001, hanya ake ware masa. Ana raba kowace tashar sigina ta turken gida 8, a damƙa maka guda, ba mai taɓa ta har ka kashe. Muryar ba ta cin fiye da kilobit 13 a daƙiƙa. Idan gidajen sun cika, tun farko kiran ba zai shiga ba. Idan ya shiga kuwa, ya zauna.

WhatsApp ba a ware masa komai. Ana yayyanka muryarka ƙanana-ƙanana, kowane yanki ya bi layi ɗaya da bidiyon TikTok da hotunan tumatir da dillalai ke turawa, kamar motoci a go-sulo na gadar Third Mainland. Yankin da ya makara zubar da shi ake yi, don ba a tsayar da zance a jira shi. Wannan gibin ne kake ji. Jinkiri kuma in ya yi yawa sai ku riƙa cin karo a magana.

Amma WhatsApp yana da nasa rinjayen. Minti ɗaya bai kai megabait 1 ba, kiran Makka da na Agege kuɗinsu ɗaya, kuma muryar a kulle take daga waya zuwa waya. Kullen 2G a tsakanin waya da turke ya tsaya.

Akwai na tsakiya, VoLTE, wato kiran kati a kan 4G. Asalin 4G data kaɗai yake ɗauka, shi ya sa wayar da ba ta da VoLTE take sauka 3G ko 2G da zarar kira ya shigo, intanet ya yi sanyi. VoLTE ma yayyanka muryar ake yi, sai dai kamfanin layi na sa yankunan gaban sauran data. Sai wayar da layin duk sun yarda da shi, kuma an kunna shi a saitin.

Cinikin mota guda ta albasa a tsakiyar kasuwa, yi shi da kati. Hira da gida da dare, WhatsApp ya fi sauƙi.