Wata takwas da Technics SL-1500C, da kuma inda nake ganin kamfanin ya dosa

Da Baba ya rasu, ranar rabon gado ba wanda ya waiwayi adakar fayafayansa sai ni. Sun haura ɗari: na kalangu da goge, na Indiya, na Kwango, da wasu baƙaƙe masu nauyi na zamanin garmahon da ake murɗawa da hannu, waɗanda in suka suɓuce ƙasa sai su tarwatse kamar tangaran. Shekara da shekaru suna ƙarƙashin gadona a Unguwar Rimi, ba abin kunna su. Bara ɗan yayata da ke karatu a Ingila ya bugo ya ce, "Kawu, me zan taho maka da shi?" Na ce ba tsaraba nake so ba, aike ne. Na tura masa kuɗi ya sayo min garmaho na zamani, Technics SL-1500C. Na zaɓi Ingila ne don wutarsu da tamu ɗaya ce. Na Amurka ko na Japan sai ka nemi taransifoma.

Abin da ya ja ni ga Technics tsoho ne. Tun 1970, da SP-10, suka fito da garmahon da farantinsa ke zaune kai tsaye a kan inji, babu bel a tsakani. Duk wanda ya taɓa riƙe rakoda mai bel a zafin watan Maris na Kaduna ya san yadda roba ke saki, murya ta koma kamar ta mai jin barci. Nawa, SL-1500C, ba shi da wannan ciwon. Ka danna, cikin ƙiftawar ido faranti ya kama gudunsa ya tsaya a kai.

Ya zo da komai a haɗe. Allurar Ortofon 2M Red tana maƙale, akwai ɗan abin ƙara sauti a cikinsa, don haka tsohon amfilifayata ya karɓe shi ba gardama. In faifai ya ƙare yana ɗaga hannun da kansa, abin da ya cece ni ba sau ɗaya ba idan aka kira sallar isha na fita na manta. Yana kuma juyi iri uku, 33 da 45 da 78 a minti. Wannan na ukun shi ne ya biya ni kuɗina, don baƙaƙen nan na Baba duk 78 ne, sai dai su allurarsu daban ce, mai kauri, na saya na ajiye a kan wani kai na biyu da nake musanyawa. Ranar da na fara sa ɗaya, Inna tana tsakar gida, ta ɗaga labule ta ce, "Kai, ina ka samo muryar mutumin nan?" Ta zauna a bakin ƙofa har ya ƙare, ba ta ƙara cewa komai ba.

Hunturu ne abokin gabarsa. Ƙura na hawa faifai kamar an yayyafa, busasshiyar iska kuma ta sa ya riƙa tartsatsi a sifika. Wannan ba laifin inji ba ne. Murfi a rufe, buroshi mai laushi kafin kowane juyi, kuma ba na jona shi sai ta inbata, saboda yadda wuta ke dawowa da ƙarfinta a unguwarmu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. SL-1200 da ya yi wa Technics suna ya fito a 1972, ƙaninsa MK2 a 1979, kuma jakin aiki ne. Masu kiɗan biki da gidajen rawa a duniya suka ɗauke shi don ana jifa da shi a bayan mota a sauke ya ci gaba da aiki. Panasonic, uwar kamfanin, ta daina yin sa a 2010. Da aka dawo da shi a 2016 sai ga SL-1200G, kamanni ɗaya sak, amma nauyinsa kilo 18, kuɗinsa wajen dala 4,000, kuma ko allura ba a haɗa maka. Jaki ya koma dokin hawan sallah. A 2017 suka sauko da SL-1200GR, wato GR, a ƙasa da rabin wannan kuɗin, a 2018 suka haye can ƙololuwa da SL-1000R wanda kuɗinsa zai sayi mota, a 2019 suka tuna da masu kiɗan biki suka ba su MK7, a shekarar kuma nawa ya fito. Sai GR2 a 2023, sai SL-1300G a 2024, wanda aka cire masa sandar ƙara gudu da rage shi, aka bar shi fes don mai zama a falo.

Wannan na ƙarshen shi ya nuna min alƙiblar. Kamfanin ya gane cewa matasan da suka yi rawa da MK2 yanzu sun yi furfura sun yi kuɗi, to su yake bi. Tsani yake ginawa, kowane mataki faranti ya ƙara nauyi, inji ya ƙara shiru, farashi ya ninka. Ban ce ƙarya ba ce. Na taɓa sauraron GR a gidan wani abokina a Malali, ganga ta fi zama daram, na ji da kunnena. Amma bambancin bai kai abin da ya biya ba, musamman a kan faifan da ya sha shekara hamsin ana goge shi da gefen riga. Kuma tsanin ya yi matakai da yawa masu kama da juna, G da GR da GR2, har mai saye ya rasa na kamawa.

Abin da ban ji ana magana a kai ba shi ne gyara. Tsohon MK2 akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a Kasuwar Barci da zai buɗe shi ya canza abin da ya ƙone. Na kai masa hoton cikin sababbin, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Alhaji, wannan ai kwamfuta ce. In ya tsaya, ka mayar wa masu shi." Kullum in na kunna nawa sai maganar nan ta faɗo min.

Duk da haka, wanda ke da fayafayai a gida ya tambaye ni, SL-1500C zan ce masa, ya tsaya nan, ragowar kuɗin ya sayi allura mai kyau da inbata. Ɗan yayata ya ce in ya gama karatu zai kawo min GR2. Na ce ya bari, ya kawo min allurar 78 guda biyu.