Stanley Ka Dabba: Fim ɗin Amole Gupte da Ya Hana Ni Barci

Ni dai da finafinan Indiya na soyayya da rawa da waƙa na taso, shi ya sa da ƙanwata ta turo min wannan fim na Stanley Ka Dabba (wato kwanon abincin Stanley da harshen Hindi) a waya, sai da ya yi kwana biyar ban buɗe shi ba. Daren Asabar na zauna na kalla, kuma wallahi har yanzu yana raina.

Amole Gupte ne ya rubuta shi, ya kuma ba da umarni, aka sake shi a 2011. Shi ne dai marubucin labarin Taare Zameen Par na 2007, na yaron nan mai fama da wahalar karatu. Daga baya ya shugabanci hukumar finafinan yara ta Indiya.

Stanley ɗan makaranta ne a Mumbai, mai baki da raha, amma kullum idan aka tashi tara shi kaɗai ne ba shi da kwanon abinci. Sai ya je famfo ya cika cikinsa da ruwa, ya dawo ya shirya wa abokansa ƙarya. Gupte da kansa ya fito a malamin Hindi mai kwaɗayi, wanda ke bin kwanukan yara yana wawushewa, har ya kori Stanley ya ce kada ya dawo sai da nasa kwanon. Wurin nan ya ƙona min rai matuƙa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka ɗauki fim ɗin. A wata makaranta a Mumbai aka yi shi, ranakun Asabar da lokutan hutu, don kada yara su rasa darasi. Shi ya sa wasansu bai yi kama da wasa ba. Partho, ɗan Gupte na cikinsa, shi ne Stanley, kuma ya ci lambar yabo ta ƙasa a kai.

Tsakiyar fim ɗin tana ɗan jan ƙafa, nadamar malamin kuma ta zo da gaggawa, ban gamsu da ita ba. Amma ƙarshensa, da aka nuna Stanley maraya ne da ke wanke-wanke a gidan abincin kawunsa yana shan duka, sai da na ajiye wayar. Nan take na tuna yaron da ke wanke kwanuka a wurin mai tuwon unguwarmu.

Yanzu Hawaa Hawaai na 2014 nake nema, inda Partho ya fito a yaron mai shayi.