Wace Tsohuwar Waƙar Sin Za Ka Saya Wa Tallan Wasan Yaƙinka?

Wasannin yaƙi da aka gina a kan tarihin Sin sun daɗe suna da kasuwa. Kamfanin Koei na Japan ya fara jerin Romance of the Three Kingdoms tun 1985, sannan Total War: Three Kingdoms da ya fito a watan Mayun 2019 ya sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya a makonsa na farko. Wanda ke haɗa tallan irin wannan wasa, ko na kamfani ne ko na ƙaramar tawaga, yakan so murya guda tana rera tsohuwar waƙar Sinanci a hankali, ganguna na tasowa a bayanta, dawaki na ƙetare kogi. Abin yana ratsa jiki idan an yi shi daidai. Idan kuwa aka yi kuskure, Sinawa masu kallo za su gane cikin daƙiƙa goma, kuma su ne mafi yawan masu sayen irin waɗannan wasanni.

Kafin ka fitar da ko kwabo, ka sani cewa abu uku kake ciniki a kai. Akwai baitocin, akwai karin da aka ɗora musu, akwai kuma muryar da aka naɗa a situdiyo. Baitocin mawaƙan da suka mutu ɗaruruwan shekaru da suka wuce na kowa ne, ba ka biyan kowa. Kari da naɗi kuwa suna da masu su. A dokar Sin haƙƙin mai kari yana nan har shekara 50 bayan mutuwarsa, a Turai shekara 70. Fassarar da za ka rubuta a ƙasan hoto ita ma tana da mai ita, idan daga littafin wani ka kwaso.

A zaɓen waƙa, tawa ita ce Duan Ge Xing ta Cao Cao, kuma ga dalilaina.

Cao Cao ya rayu daga 155 zuwa 220, shi ne ya riƙe arewacin Sin a ƙarshen daular Han, kuma shi ne ya sha kashi a yaƙin Chibi, a bakin kogin Yangtze, a hunturun 208. Ke nan idan wasanka a kan zamanin Masarautu Uku (Three Kingdoms) yake, wato rabuwar Sin gida uku bayan faɗuwar Han, mai waƙar yana cikin wasan da kansa, ɗan wasa zai iya zaɓensa ya ja runduna da shi.  Waƙar ɗango 32 ce, kowane ɗango harafi huɗu, jimla haruffa 128. Wannan harafi huɗu shi ne kyautar da ta yi wa mai tsara kiɗa, domin a Sinanci kowane harafi gaɓa ɗaya ne, sai ya zauna daram a kan kiɗa mai bugu huɗu-huɗu ba tare da an ja wata gaɓa ko an haɗiye wata ba. Ka ba kowane harafi bugu biyu a kan saurin bugu 60 a minti, ɗango takwas za su ci daƙiƙa 64. Talla mai minti ɗaya da rabi ke nan ta samu waƙarta, da sauran wuri na buɗewa da kiɗa zalla da na nuna sunan wasa da ranar fitowa.

Wane ɗango takwas? Na ƙarshe. Nan ne wata ya haska, taurari suka yi ƙaranci, hankaki suka tashi suka nufi kudu, suka kewaya bishiya sau uku suna neman reshen sauka. Daga nan sai dutse da ba ya ƙin ƙarin tsawo, teku da ba ya ƙin ƙarin zurfi, sai ambaton Zhou Gong, wani basaraken daular Zhou ta dā, wanda aka ce yakan bar abinci a tsakiyar ci don ya tarbi baƙi masu basira, har zukatan mutanen ƙasa suka koma gare shi. Cao Cao mutane yake nema da wannan waƙa, yana kiran masu hikima da jarumai su zo ƙarƙashin tutarsa. Wasan dabarun yaƙi kuwa aikinsa ke nan, tara kwamandoji da mashawarta. Mai yanka hoto zai samu dare, zai samu tsuntsaye, zai samu tsauni da ruwa, kowane ɗango biyu da hotonsa.

Akwai dalili na biyu na ɗaukar ƙarshen. Ɗango takwas na farko a kan giya suke, mai waƙar yana gaban ƙoƙo yana kukan gajartar rayuwa, har ya ambaci Dukang, sunan da ake kiran giya da shi. Idan za ka kai tallan kasuwannin Musulmi da fassara a ƙasa, ka tsallake farkon gaba ɗaya. Waƙar ba ta raguwa.

Ta kuma faɗa maka kayan kiɗan da suka dace da ita. A tsakiyarta an ambaci se, mai tsirkiya 25 da ake kwantarwa a kaɗa, da sheng, abin busa mai bututun gora da yawa a jere. Ka nemi waɗannan, ko qin mai tsirkiya bakwai, da xun, ƙaramin tulun busa na yumɓu mai murya kamar kukan iska, da manyan ganguna. Labarin cewa a kan jirgin ruwa ya rera ta wani dare kafin a gwabza a Chibi daga littafin ƙagaggen labari na Masarautu Uku ya fito, babi na 48. Ka yi amfani da shi a hoto idan kana so, amma kada ka rubuta shi a shafin wasa da sunan tarihi.

Sauran fa? Hao Li Xing, ita ma ta Cao Cao, a kan yaƙin da aka yi da Dong Zhuo, kwamandan da ya ƙwace iko da fadar Han, a 190, tana maganar ƙasusuwa a fili da ƙasar da zakara ya daina cara a cikinta. Ta dace da talla mai nuna ɓarnar yaƙi, ba ta dace da ta ranar fitowa ba. Waƙar Taku Bakwai da ake danganta wa ɗansa Cao Zhi gajera ce, wake da karansa, 'yan'uwa na cin juna, sai idan wasanka rikicin gida ne. Wu Yi daga cikin waƙoƙi 305 na Shijing, tsohon kundin waƙoƙin Sin, tana da kyau ga taron muryoyin maza, amma ta sojojin ƙasar Qin ce, ɗaruruwan shekaru kafin Cao Cao. Waƙar Gaixia ta Xiang Yu ta 202 kafin haihuwar Annabi Isa ɗango huɗu ce kacal, ta ƙare kafin tallan ya kai rabi. Ta Su Shi a kan Chibi an rubuta ta ne a 1082, muryar mai waiwaye ce bayan shekaru sama da 870. Man Jiang Hong da ake danganta wa Yue Fei ta daular Song ce, ɗaruruwan shekaru bayan Masarautu Uku, a kan yaƙi da ƙabilar Jurchen. Sa ta a wasan Masarautu Uku kuskure ne da ɗan makarantar sakandare a Sin zai kama.

Sai Lin Jiang Xian ta Yang Shen, wadda ta fi kowace jefa mutane cikin matsala. Mai ita ya mutu a 1559, don haka baitocin ba su da shamaki. Amma karin da kowa ya sani, wanda kunne ke nema da zarar an ji ɗangon farko na kogin Yangtze na gangarawa gabas, na Gu Jianfen ne, wanda ta tsara wa shirin Masarautu Uku na gidan talabijin na ƙasar Sin, CCTV, na 1994, Yang Hongji ya rera. Wannan kari yana da mai shi. Idan ka ɗora sabon kari masu kallo za su ji baƙo, idan ka ɗauki tsohon ba da izini ba za a sauke maka bidiyo. Ka bar ta.

A hanyar saye, ka ɗauki mai tsara kiɗa da mawaƙi su yi maka sabo. Rumbunan sayar da kiɗa na intanet sun fi araha, amma da wuya ka samu waƙar da kake so da murya, kuma abin da ka saya wani ma zai saya ya sa a tallan gidan abinci. Neman izinin fitaccen naɗi yana nufin ciniki biyu, da mai kari da mai naɗi, kuma yakan ɗauki watanni.

A nan ne macuta suke, kuma suna da yawa. Na farko shi ne mai ce maka yana da asalin karin zamanin Han. Ƙarya yake. Gaskiya ne an yi Duan Ge Xing don a rera, amma karinta ya ɓace. Rubutaccen kiɗan qin mafi tsufa da ya rage, wato You Lan, kwafin zamanin Tang ne da ke ajiye a Tokyo, kuma waƙoƙi 17 na Jiang Kui da suka zo da alamun kari na daular Song ne. Duk wani karin waƙar Cao Cao da ka ji, mutumin zamani ne ya tsara shi, saboda haka ka tambayi sunansa.

Na biyu shi ne mai sayar maka da aikin ƙirƙirarriyar basira a matsayin muryar mutum. Wanda bai iya Sinanci ba ba zai gane ba, shi ya sa suke farautar baƙi. Alamunsa a bayyane suke ga mai jin harshen: gaɓa ta narke cikin ta kusa da ita, ɗango ya ɓace, wani ya maimaitu, kuma a karanta harafi da lafazin da ba nasa ba ne a wurin. A ɗango na uku na Duan Ge Xing akwai harafin da ake karantawa zhao idan safiya ake nufi, chao idan fada ake nufi. A nan raɓar safiya ce, don haka zhao ne. Na'ura da mawaƙin da bai yi shiri ba duk suna faɗawa wannan rami. Maganinsa guda ne: ka nemi bidiyon mawaƙin yana rera ɗango biyu ba kiɗa, fuskarsa a fili, sannan ka biya wani Basine mai ilimin adabi, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ya saurara da rubutun a gabansa harafi bayan harafi. Kuɗin wannan dubawa ba ya kai komai idan aka kwatanta da sake naɗi. Bahaushe ya san yadda hawa da saukar murya ke juya ma'ana. Sinancin Mandarin yana da irin wannan hawa da saukar murya kala huɗu, kuma ƙwararren mai tsara kiɗa yana lura kada karinsa ya danne su a kalmomin da ke ɗauke da ma'anar ɗango. Ka kuma rubuta a yarjejeniya ko Mandarin kake so ko Kantonis, don kada a kawo maka wanda ba shi ka nufa ba.

Na uku shi ne sauya kayan kiɗa. Za a sa maka koto ko shamisen na Japan a ce na Sin ne, ko ganguna irin na taiko. Ga wasan da Sinawa za su saya, wannan ya fi kowane kuskure ɓata rai. Akwai kuma na Sin ɗin da zamaninsu bai kai ba: erhu mai kama da goge ya zo ne ɗaruruwan shekaru bayan Han, pipa mai ƙirar ƙwai ta shigo daga yamma bayan zamanin Masarautu Uku, suona 'yar'uwar algaita ta yaɗu ne a zamanin Ming, guzheng mai tsirkiya 21 kuwa ƙirar ƙarni na 20 ce. Wannan bai kai na Japan muni ba, wasanni da yawa suna sa erhu kuma ba a damu ba, amma ya zama da saninka aka sa. Ka nemi jerin kayan kiɗa a rubuce, da bayanin wanne mutum ya kaɗa, wanne kuma sautin kwamfuta ne. Qin na gaskiya ana jin gogar yatsa a kan tsirkiya idan ya zame daga sauti zuwa sauti. Na kwamfuta mai arha yakan fito sumul, kowane sauti da ƙarfi ɗaya.

Na huɗu ya fi zafi domin sai bayan an gama yake bayyana. Wasu sukan sayar maka da kiɗa, sannan su yi masa rajista da sunansu a Content ID, tsarin YouTube na gano kiɗan da ke da mai shi. Ranar da tallanka ya hau, sai ƙorafi ya faɗo a kansa, haka ma a kan duk mai tashar da ya sake nuna shi ko ya yi sharhi a kai, alhali su ne ke yaɗa maka wasan kyauta. Dole yarjejeniya ta faɗa a fili cewa ba za a yi wannan rajista ba, ko kuma kai ne kaɗai ke da ikon yi. Ta kuma faɗi cewa izinin ya shafi kari da naɗi duka, duk duniya, ba iyakar lokaci, a YouTube da Steam da Bilibili da tallan da ake biya, da cikin wasan kansa idan ka ga dama daga baya. Mawaƙi da makaɗa su sa hannu a takardarsu daban, domin sa hannun mai tsara kiɗa ba ya ɗaure muryar wani.

Biya kashi-kashi: wani abu a farko, wani bayan ka amince da gwajin kari da fiyano ko qin kaɗai, ragowar bayan mai dubawa ya ce lafazi ya yi. Kada ka yarda a shiga situdiyo kafin ka amince da gwajin, gyaran kari bayan an naɗi murya sabon aiki ne da sabon kuɗi. Abin da za a miƙa maka shi ne fayilolin WAV masu 48 kHz da 24-bit, ba MP3 ba, kuma murya daban, ganguna daban, masu tsirkiya daban, na busa daban, don mai yanka hoto ya iya janye kiɗa lokacin da takubba ke haɗuwa ya bar muryar ita kaɗai. Ka karɓi gajerun yanka na daƙiƙa 60 da 30 da 15, kuma kowanne ya tsaya a ƙarshen ɗango mai cike ma'ana, domin ɗangwayen wannan waƙa biyu-biyu suke tafiya. A na daƙiƙa 15, ɗango biyu na ƙarshe kawai za su shiga, kuma sai an ɗan ƙara sauri zuwa bugu 66 ko 68 a minti.