Babbar riga ko kwat? Amsa ga mai zuwa kallon wasan daɓe a Landan

Salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya, ka ce abokin aikinka ya baku tikiti biyu kai da madam na wasan kwaikwayo a West End, unguwar gidajen wasa da ke tsakiyar Landan, cikin watan Nuwamba, na ƙarfe bakwai da rabi na dare, kuma kana ta wasi-wasi ko ka zuba babbar rigarka ta gezna ita kuma ta sha leshi da gwaggwaro, ko kuwa dole sai ka sayi kwat da laktaye kada a ce ga baƙauye. Toh bari in faɗa maka abinda idona ya gani, dan ni ma na taɓa yin wannan rawar kan.

Da farko dai ka kwantar da hankalinka, babu wata dokar sutura a gidajen wasan West End. Wallahi zaka ga mutum da jins da kambas ya taso daga aiki da jakarsa a baya, kusa da shi wata dattijuwa ta ci ado kamar za ta gidan biki, babu mai kallon wani. Hatta Royal Opera House, babban gidan opera (wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa) da ke unguwar Covent Garden, wanda mutane ke ɗauka sai masu kwat da baƙin laktaye ke shiga, su da kansu sun ce ka sa abinda ka ga dama. Zancen ado dole abin da ne. Benen farko na irin gidajen nan har yau sunansa a Turance yana nufin wajen masu ado, saboda a ƙarni na 19 sai da kayan fitar dare ake zama a wurin, yanzu sunan kawai ya rage. Dan haka maganar a hana ka shiga bata ma taso ba, ko babbar riga ce ko kwat. Abinda zai raba maka gardama kujera ce, da kuma mutumin da zai zauna bayanka.

Mu fara da babbar riga tunda na san can ranka ya fi karkata. Ta wajen kwarjini kam babu haɗi, kana shigowa harabar wurin sai an juyo, wasu har su ce maka kayanka sun yi kyau, kuma da gaske suke. Amma yawancin gidajen wasan nan tsofaffin gini ne na zamanin Sarauniya Biktoriya da ɗanta Edward, an yi kujerun a matse, gwiwarka tana taɓa bayan kujerar gaba, wajen ɗora hannu kuma ɗaya ne kai da maƙwabcinka. Ina zaka kai hannun babbar riga? Ni na gwada sau ɗaya, shadda ce sabuwa dal ta sha bugu da sitati, wai ni zan nuna musu ɗan Arewa ya zo. Kujerata na tsakiyar layi, sai da mutum kusan goma suka miƙe kafin in wuce, rigar tana shafar gwiwoyinsu, ta kusa kifar wa wani da kofinsa. Wannan duk mai sauƙi ne. Da aka kashe fitila wuri ya yi tsit, 'yan wasa biyu suna magana ƙasa-ƙasa a kan dandamali, ni kuwa ko numfashi na ja sai ka ji ƙwaram-ƙwaram kamar ana murza ledar burodi, in na ɗaga kafaɗa in gyara hannun riga sai matar da ke gabana ta ɗan waigo, bata ce komai ba, irin waigen nan nasu mai ladabi wanda ya fi zagi ciwo. Haka na sandare kamar gunki sama da awa guda har aka tafi hutun rabin lokaci, na cire ta na naɗe na cusa ƙarƙashin kujera na ƙarasa kallo da 'yar ciki.

Kwat kuma fa? Ita bata da wannan matsalar, zaka zauna daidai kujerarka, babu ƙara babu jan ƙasa. Sai dai in dama baka saba sa ta ba to kada ka ɓata kuɗinka saboda dare ɗaya. Wanda bai saba da laktaye ba ana ganewa, yana ta jan wuya kamar an ɗaure rago, ga shi wasan zai kai awa biyu da rabi. Sannan akwai zafi. Eh, zafi a Nuwamba. Waje sanyi ne mai shiga ƙashi amma ciki mutum ɗaruruwa ne ko sama da dubu a rufe, ga hita ga fitilu, musamman in tikitinku na can saman bene ne inda duk zafin yake taruwa, zaka ga masu kwat suna ta fifita da takardar shirin wasa. In kana da kwat a gida kuma kana jin daɗinta, sa abarka ba tare da laktaye ba, shikenan.

Ni dai in ka bi ta tawa, tsakiya zaka bi: kaftani. Amma na yadi mai laushi wanda ya sha wanki, ba shadda mai sitati ba, tsawonsa ya ɗan wuce gwiwa, ka sa 'yar suwaita mara nauyi ko rigar sanyi ta ciki, ka ɗora jaket mai kauri a sama wanda zaka cire da ka shiga. Ka fito a Bahaushenka, kuma ka zauna lafiya. Wasu gidajen suna da wajen ajiyar jaket wasu basu da shi, wani wurin ma sai ka biya, dan haka ka ɗauki wanda zai naɗu a cinyarka. Kada ku je da babbar jaka, ana duba jakunkuna a ƙofa kuma akwati ba sa karɓa.

Sai hula, wadda ita ce ainihin inda ake samun matsala. Kujerun ƙasa gangarensu kaɗan ne, kan mutum kawai ya isa ya tare wa na baya, balle a ɗora zanna bukar mai tsayi an kafa ta gaban goshi. Wanda ke bayanka shi ma kuɗi ya biya, kuma tikitin nan ba arha ba. Ko ka sa ƙaramar hula mai kwanciya, ko ka shiga da zannarka ka yi hotunanka a harabar, da an kashe fitila ka cire ka riƙe a hannu. Ba wanda zai ce ka yi rashin kunya dan ka zauna kai babu hula a cikin duhu.

Wannan maganar ita ce ta madam ma, har ta fi. Dan Allah ka lallaɓa ta ta haƙura da gwaggwaro, na san za a sha daru amma ɗaurin nan mai fuka-fuki zai rufe wa mutum biyu ko uku dandamali gaba ɗaya, kuma ita ba kamar kai ba ce da za ta cire ta riƙe. In aka jera leshi da abaya, ni abaya zan zaɓa mata ko doguwar rigar atamfa da ƙaramin mayafi ta yi naɗi mai kwanciya. Leshi mai duwatsu yana kama kayan mutane in ana wucewa a layi, siket mai matse gwiwa kuma wahala ne a matakalar bene, dan benen sama a tsaye yake sosai kuma da yawa daga tsofaffin gidajen basu da lifta. Abayar ma kada ta zama mai jan ƙasa, titi a jiƙe yake a Nuwamba, ga matakalar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Hijabi ko mayafi babu mai ce mata uffan, Landan ce. Takalmi mara tsini. Awarwaro ta bar su a gida ko ta sa ɗaya, in ba haka ba duk motsin hannu sai kacau-kacau. Turare kuma, mu dai mun san halinmu, a turara kaya da turaren wuta a bi da humra a ƙara da na fesawa, a gidan biki wannan daraja ce, amma a ɗakin da babu taga mutum yana manne da kai awa biyu da rabi, wani atishawa zai kama yi har a tashi. Kaɗan ya isa.

Kada ka ce na kashe wa babbar riga kasuwa, tana da wurinta. Akwai bikin opera na Glyndebourne da ake yi da bazara a yankin Sussex na kudancin Ingila, wanda aka fara a 1934, can al'adar ita ce kayan fitar dare, maza da baƙin laktaye mata da dogayen riguna, ana dogon hutu na kusan awa ɗaya da rabi mutane su baje a lambu su ci abinci. Irin wannan wurin, ko daren buɗe wani wasa da aka rubuta a katin gayyata cewa a yi ado, to nan babbar riga za ta yi maganin kwat ɗinsu, sai dai ko a can a nemi mai laushi. Gidan opera na La Scala da ke Milan a Italiya ma ranar 7 ga Disamba da suke buɗe kakar wasanni ado ake na gaske, sauran ranaku kuwa abinda suka hana shi ne gajeren wando da singileti, wanda dama ba kai ba su.

Ɗaya gefen kuma akwai gidan wasan Globe da ke bakin kogin Temz a nan Landan, wanda aka buɗe a 1997 a kwaikwayon gidan wasan zamanin Shakespeare. Tsakiyarsa babu rufi, masu tikitin arha a tsaye suke kallo, ana ruwa ana wasa, kuma ba a yarda a buɗe lema ba saboda na baya. In wata rana ka je can rigar ruwa da kambas ne maganarka. Duk wanda ya taɓa zaman kallon wasa da daddare cikin hunturu a filin wasan kwaikwayo na ABU a Samaru ya san irin shirin da nake nufi, ka je a ɗan gayu ka dawo kana kaɗa haƙora.

Wani abu da ba na kaya ba amma zai shafe ku. A Nuwamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, dan haka ku yi magariba da isha'inku a gida kafin ku fito, kun huta, da bazara ne da magariba ke wuce ƙarfe tara da sai ta same ku a tsakiyar wasa. Ku isa da kamar rabin awa kafin lokaci, dan in aka fara ba za su barku ku shiga ba sai an samu gaɓa, wani lokacin sai hutun rabin lokaci, a nan ba a san zancen a jira babban baƙo ba. Hutun ma minti 15 zuwa 20 ne kuma layin banɗakin mata dogo ne, ka ce wa madam ta tashi da wuri da an kunna fitila.

Ka duba tikitin ka faɗa min ko kujerun ƙasa ne ko na bene. In layin ƙarshe ne jikin bango babu kowa bayanku, to a bar mata gwaggwaronta.