Shirin hutu na makarantar yarana a Asawase: ya ci kuɗinsa, amma a gyara zancen waya

Mata da yawa a layinmu na kasuwa sun tambaye ni ko shirin da makarantar yarana ta yi a dogon hutun da ya wuce ya cancanci kuɗinsa, shi ya sa na ga gara in rubuta kowa ya gani. Ba zan kama sunan makarantar ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi. Tana nan Asawase a Kumasi, irin Islamiyyar nan ta gwamnati da ake haɗa boko da Arabiyya. Takardar da suka aiko ta yi alkawarin karatu daga safe zuwa azahar, da abincin rana, da lambar waya da suka ce ta gaggawa ce, yaro ko iyaye kowa na iya kira. Sidi 80 kowane yaro, ana biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, marayu kuma kyauta.

Ya cancanta. Amma don a gane dalilina sai an koma baya kaɗan. Ranar 16 ga Maris 2020 aka rufe makarantun Ghana kaf saboda korona, ƙarshen watan aka kulle Kumasi da Ankara, babban birnin ƙasar, har mako uku. 'Yan ajin ƙarshe sun koma a watan Yuni don jarrabawa, ƙananan kuwa sai Janairu 2021. Wata goma ke nan a gida. An buɗe Ghana Learning TV, gaskiya ne, to amma a gidan haya na Zango, talabijin ɗaya a ɗaki, yaran gida da na maƙwabta sun cika tabarma, wane ne zai koyi haɗa baƙi a haka? Ɗana namiji yana aji biyu a lokacin, daidai shekarar da karatu ke zama a bakin yaro. Da aka koma sai aka wuce da su aji na gaba, aka yi ta wucewa da su, yau ga shi a JHS, ƙaramar sakandare.

Yaron da a da shi ke tashina da asuba don kada ya makara, sai ya koma ciwon ciki duk safiyar Litinin. Faɗa da abokai, bin masu pragya (keke mai ƙafa uku na haya), a aike shi ya kai magariba bai dawo ba. Babansa ya ce taurin kai ne, kakarsa ta ce a nemi rubutu a ba shi ya sha.

A nan ne shirin ya biya ni. Akwai wata malama a cikinsu, ita ce mai kula da ba yara shawara a makarantar. A makon farko ta zauna da kowane yaro shi kaɗai a ofis, ta miƙa masa littafin 'yan aji uku ta ce ya karanta mata. Ba a gaban aji ba, ba a gaban abokai ba. Bayan nan ta aika aka kira ni. Ta ce, "Mma, yaronki ba daƙiƙi ba ne. Bai iya karatu sosai ba, kuma shekara da shekaru yana ɓoyewa. Kunya ce take cinsa, ita ce ciwon cikin." Na ce, "Malama, to yanzu yaya za a yi?" Ta ce kada a dake shi a kan wannan, kada kuma a sa ƙanwarsa ta karanta a gabansa don a kunyata shi.

Ta ware irinsu, ba su da yawa, take zama da su kafin sauran su iso. Abin da ya burge ni shi ne ba ta kira shi ajin masu rauni ba, cewa ta yi su ne masu taya ta shirya aji. Ba zan ce ya zama gwani ba, har yanzu yana tsayawa a kan dogayen kalmomi. Amma yanzu in mun shiga trotro, motar haya, zuwa kasuwar Kejetia yana karanta allunan shaguna da ƙarfi har sai na ce ya isa, kuma tun da aka koma makaranta ban ji zancen ciki ba.

Abincin ma ba ƙaramin abu ba ne. Shirin ciyarwa na gwamnati da aka fara a 2005 na ranakun makaranta ne, kuma bai kai JHS ba, saboda haka in hutu ya zo akwai gidajen da nauyin ke dawowa kansu gaba ɗaya. A shirin hutun sun fi ba yaran wake da shinkafa da gari da shito, ranar Alhamis tuwo da miyar ayoyo. Da tsabta, da zafinsa. Sai dai ludayin ƙarami ne ga yaro mai shekara goma sha uku, nawa yakan dawo ya buɗe tukunya.

Sauran karatun kuwa, lissafi da kimiyya, babu wani sabon abu. Maimaita tambayoyin BECE, jarrabawar gama JHS, na baya ne, irin wanda ake yi ko'ina.

Yanzu ƙorafina. Wani dare 'yar maƙwabciyata, wadda ita ma tana cikin shirin, ba ta dawo gida ba har bayan isha. Uwar ta rikice, na ɗauko takarda na kira lambar gaggawar. A kashe. Na sake kira, a kashe. Alhamdu lillahi an samu yarinyar a gidan gwaggonta a Aboabo, ta yi fushi ne da uwar. Da safe na je na tambaya, ashe wayar malamar ce ta kanta, da kuɗinta take sa kati, kuma da dare takan kashe don tana da jinjiri. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Laifin masu shirya takardar ne da suka rubuta gaggawa alhali ba su tanadi mai tsaron waya ba. Ko dai a raba dare tsakanin malamai a biya su, ko a rubuta ƙarara cewa daga ƙarfe takwas ne zuwa huɗu, a sa 112, lambar gaggawa ta ƙasar, a ƙasa don abin da ba ya jira. Mai neman ɗansa da dare bai kamata ya ɓata minti goma yana kiran wayar da ba za a ɗauka ba.

Sai sanarwa. Duk abin da suke turowa a WhatsApp da Turanci ne a rubuce, alhali rabin iyayen nan saƙon murya da Hausa ne zai kai musu. Kuma 'yan SHS, babbar sakandare, ba su da wuri a shirin. Tun da aka kawo tsarin karatu bi da bi a 2018, wasu na makaranta wasu na gida, hutunsu bai cika haɗuwa da na ƙannensu, kuma su ne suka fi zaman banza a bakin layi. Ɗan yayata ya je aka ce ya koma.

In sun sake yi a hutu mai zuwa zan sa yarana duka biyu. Wadda za ta sa nata, ta haɗa da katin NHIS, inshorar lafiya, na yaron don suna tambaya wajen rajista, kuma kada ta tsaya a biyan MoMo kawai. Ta rufe shago rabin yini a makon farko, ta je ta zauna da malamar nan da kanta, ta faɗa mata abin da take gani a gida.