Inshorar ƙaramin jirgina: sun biya diyya cikin mutunci, sun ƙuntata mini wajen sabuntawa

Shekara 11 ke nan ina biyan kuɗin inshora ga kamfani ɗaya a kan jirgina, Piper Arrow mai kujera huɗu, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa neman ko sisi daga wurinsu ba sai a bara. Da a ce na rubuta wannan sharhi a makon da suka biya ni diyya, da yabo zalla mai karatu zai gani, domin abin da suka yi mini a lokacin ya zarce abin da na zata. Yanzu kuwa takardar sabunta yarjejeniya ta zo, na sa mata hannu ba da son raina ba, saboda haka zan faɗi abin da ya faru daga farko, domin na san akwai masu ƙananan jirage da yawa a nan Amurka da shekarunsu suka kusa kai nawa, wato 70.

Na sauka lafiya a wani ƙaramin filin jirgi mai ciyawa, ina tafiya da jirgin a ƙasa a hankali zuwa wurin ajiyewa, sai tayar gaba ta faɗa wani rami da ciyawa ta rufe. Hancin jirgin ya duƙa, farfela ta daki ƙasa, injin ya tsaya cak. Babu wanda ya ji ciwo, kuma wanda bai san jirgi ba zai ce ɓarnar ba ta wuce lanƙwasar bakin farfela ba. Amma duk mai jirgi ya san cewa idan farfela ta daki wani abu har injin ya tsaya, to maganar ta koma cikin injin. Kamfanin Lycoming da ya ƙera shi ya ce dole a kwance shi a duba cikinsa, kuma hukumar FAA mai kula da harkar jiragen sama tana da umarnin dole tun 2004 a kan duba giyar da ke bayan babban sandan da ke juya farfela, domin tsagewar da ido ba ya gani a ƙasa tana iya kashe inji a sararin sama. Na tsaya a gefen jirgin ina duban farfelar, zuciyata kuwa tana lissafin watanni da kuɗi.

Da yammacin ranar na kira dillalina na inshora, wanda ke tsakanina da kamfanin, washegari da safe jami'in tantance ɓarna na kamfanin ya kira ni da kansa. Tambayarsa ta farko ita ce ko ni da wanda na ɗauko muna lafiya, sannan ya nemi hotuna, da kwafin lasisina, da takardar lafiyata, da shafukan ƙarshe na kundin da nake rubuta sa'o'in tashi. Na shirya wa doguwar jayayya, domin na sha jin labarin yadda ake tonon silili a cikin takardun matuƙi don a sami hanyar ƙin biya, amma mutumin nan bai yi haka ba. Ya san jirgi sani na gaske, ya yi magana da makaniken da ke filin kamar abokin sana'a, ya amince a cire injin a tura shi shagon da ni na zaɓa, kuma ya sa kamfanin ya ɗauki nauyin cirewa da jigila da kwancewa da mayarwa. Ko kuɗin ajiye jirgin a rumfa a filin da ba nawa ba sun biya, abin da ban ma san yarjejeniyar ta ƙunsa ba sai da ya nuna mini sakin layin. A duk lokacin da na aika masa saƙo yakan amsa a ranar. Ban manta da wannan ba, kuma duk abin da zan faɗa a gaba bai shafe shi ba.

Wuri ɗaya muka saɓa. Da aka buɗe injin an ga dukan bai yi wa babban sandan lahani ba, amma an tarar da tsatsa da zaizaya a sandan da ke buɗe bawul-bawul, sai ya bayyana mini cewa inshora tana biyan ɓarnar da hatsari ya haddasa ne kaɗai, abin da tsufa da amfani suka cinye kuwa na mai jirgi ne. Haka kuma aka rage wani abu daga kuɗin sabuwar farfela, gwargwadon sa'o'in da tsohuwar ta riga ta yi. Na ji zafin kuɗin, amma da na koma na karanta yarjejeniyar na ga haka aka rubuta, kuma a ganina adalci ne. Jirgin ya yi wata biyar a ƙasa, galibi saboda jiran kayan gyara da layin da ke shagon inji, wanda ba laifin kamfanin inshora ba ne.

A cikin waɗannan watanni biyar ne na cika shekara 70. Lokacin da sabuntawa ta matso, dillalina ya aiko da takardar da ake cikawa kowace shekara, na rubuta gaskiya: shekaruna, da jimillar sa'o'ina, da sa'o'in da na yi a wannan samfurin jirgi, da waɗanda na yi a cikin wata 12 da suka wuce, da kuma diyya ɗaya da aka biya ni. Amsar da ta dawo ta ƙara kusan rabi a kan abin da na biya a shekarar da ta gabata, wadda ita ma ƙari ce a kan ta gabanta, domin tun 2019 ban ga shekarar da kuɗin ya tsaya wuri ɗaya ba. Ƙarin bai ba ni mamaki sosai ba, tunda wanda aka biya diyya ya san za a waiwaye shi. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ɗaya daga cikin dalilan da aka kawo, wato ƙarancin sa'o'in tashina a shekarar. Su da kansu suka biya kuɗin gyaran da ya ajiye jirgin, takardun suna hannunsu da ranakun da aka cire injin da ranar da aka mayar, amma wanda ya auna haɗarina ya ɗauki adadin sa'o'in tsurarsa, kamar na yi watsi da tuƙi ne don kasala. Na nemi dillalin ya haɗa ni da shi mu yi magana, sai ya ce ba a yin haka, duk saƙo sai ta hannun dillali.

Sharuɗɗan da suka biyo baya sun fi kuɗin nauyi. Doka ta wajabta wa matuƙi ya tashi da malami a gwada ƙwarewarsa sau ɗaya a cikin wata 24, su kuwa suka ce duk shekara, kuma a cikin wannan jirgi. Suka ce gwajin lafiya a wurin likitan jiragen sama shi ma duk shekara, ba za su karɓi tsarin BasicMed, mai barin matuƙi ya yi gwajin a wurin likitansa na yau da kullum, da aka fara aiki da shi a 2017 ba, duk da cewa hukuma ta amince da shi. Waɗannan biyun na karɓe su da zuciya ɗaya, domin ban taɓa ganin tashi da malami a matsayin ɓata lokaci ba. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne batun diyyar wasu mutane. A da yarjejeniyata ta tanadi dala miliyan ɗaya a dunƙule ga duk wanda hatsari ya shafa, ko yana cikin jirgi ko yana ƙasa. Yanzu miliyan ɗayan tana nan a rubuce, amma an sa iyaka cewa kowane fasinja ba zai samu fiye da dala 100,000 ba. Duk wanda ya san tsadar asibiti a ƙasar nan ya san wannan adadi ba zai riƙe wanda ya yi mummunan rauni ba ko na 'yan makonni, kuma fasinjojina ba baƙi ba ne, jikokina ne da abokan da muka tsufa tare.

Na ce wa dillalin ya zagaya kasuwa. A nan ne na gane cewa matsalar ta wuce tsada, ta kai ga samuwa. Kamfanonin da ke yi wa ƙananan jirage inshora a Amurka ba su wuce goma sha wani abu ba, kuma mafi yawansu suka ce ba sa ɗaukar sabon matuƙi da ya kai shekara 70 a jirgi mai tayoyin da ke naɗewa irin nawa, domin sauka da ciki saboda mantuwar sauke tayoyi yana cikin ɓarnar da suka fi biya. Ɗaya ya amince amma da sharaɗin kada in tashi sai da wani matuƙi a gefena. Da na je wurin wani dillali dabam don in ji ko zai samo abin da ya fi, sai ya gaya mini cewa kowane kamfani yana ba da farashi ne ga dillalin da ya fara kai masa lambar jirgi, saboda haka ƙofofin duk a rufe suke gare shi sai in na rubuta takardar sauya wakili, kuma ko na rubuta amsar da aka ba na farko ita za a ba shi. Ashe amincin da na yi wa kamfanina shekara 11 shi ne kaɗai abin da ya sa har yanzu nake da inshora, kuma su ma sun san ba ni da wurin zuwa.

Dillalin ya yi ƙoƙarin fahimtar da ni yadda aka zo nan, kuma ban ƙaryata shi ba. Kusan shekara goma kafin 2018 kamfanoni suna gasar karya farashi har wasu suka yi asara suka bar harkar. Sai jirage biyu samfurin Boeing 737 MAX suka faɗi, ɗaya a Indonesiya a Oktoban 2018, ɗaya a Habasha a Maris na 2019, mutum 346 suka rasu, manyan kamfanonin da ke yi wa kamfanonin inshora inshora, irin na kasuwar Lloyd's da ke Landan, suka ɗaga farashinsu ga kowa. A Maris na 2020 guguwa ta afka wa filin John C. Tune da ke Nashbil ta lalata jirage sama da 90 a dare ɗaya. A 2022 kuma jiragen haya kimanin 400 suka maƙale a Rasha bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, masu su suka bi kamfanonin inshora da da'awar biliyoyin daloli. Tukunya ɗaya ce ake ɗiba daga ciki, kuma na ga tsadar kayan gyara da idona a takardun injina, don haka ba na jayayya da cewa dole farashi ya tashi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da ranar haihuwar mutum ma'auni mafi girma. An san cewa matuƙan jiragen fasinja suna ajiye aiki a shekara 65, amma doka ba ta sa wa matuƙi mai zaman kansa iyakar shekaru ba, ta bar hukunci ga likita da malamin gwaji. Kamfanin bai nemi ganin sakamakon gwajina ba kafin ya yanke, bai tambayi malamin da ya tashi da ni ba, ranar haihuwata kawai ya duba.

Wannan ya tono mini wani tsohon ƙorafi da na daɗe da haɗiyewa. Tun 2020 farashin tsofaffin ƙananan jirage ya yi tashin gwauron zabo, amma shekara uku ana sabunta mini yarjejeniya a kan tsohuwar ƙimar da muka amince da ita tun da daɗewa, babu wanda ya ja hankalina, daga dillalin har kamfanin. Haɗarin wannan shi ne idan kuɗin gyara ya kusa kai ƙimar da ke rubuce, kamfani yana da ikon ya ce jirgin ya tashi daga aiki, ya biya wannan ƙaramar ƙimar ya ɗauke jirgin ya sayar da sassansa. Da ramin nan ya karya ƙafar gaba ya taɓa bangon da ke bayan injin, da mai yiwuwa na rasa jirgin a kan kuɗin da ba zai sayo mini irinsa ba. Jami'in tantance ɓarnar ne ya fara ambata mini wannan, a ƙarshen aikinsa, alhali aikin dillali ne ya faɗa tun kafin wani abu ya faru. Na ɗaga ƙimar a wannan karo, abin da ya ƙara kuɗin shekarar, kuma sai da na kawo takardun na'urorin da na sa wa jirgin kafin su amince.

Wani abokina ya ba ni shawarar in bar inshorar gaba ɗaya, tunda gwamnatin tarayyar Amurka ba ta wajabta ta ga jirgin da ba na haya ba, saɓanin Tarayyar Turai da ta wajabta ta tun dokarta ta 2004. Ban saurare shi ba. Filin da nake ajiye jirgi ba ya ba da hayar rumfa sai da shaidar inshora, kuma ko da yana bayarwa, ba zan bi ta saman gidajen mutane ba tare da abin da zan biya su idan ƙaddara ta faɗa ba. Wani kuma ya ce in bar inshorar gangar jirgin in riƙe ta diyyar mutane kaɗai, amma bayan abin da na gani a bara wannan ma bai kwanta mini ba.

Ga wanda bai kai shekara 60 ba, mai jirgin da tayoyinsa ba sa naɗewa, ba zan hana shi shiga wannan kamfani ba, domin sashensu na biyan diyya ya yi mini aikin da ba ni da abin cewa a kansa. Wanda ya doshi 65 kuwa ya zaɓi kamfanin da zai tsufa da shi tun yanzu, ya sa dillalinsa ya tambayo a rubuce abin da suke yi wa matuƙi idan ya kai 70 da 75, ya kuma duba ƙimar jirginsa kowace shekara da kansa. Ni na biya, na yi gwajin lafiya, na tashi da malami na aika musu da shaida. Na kuma roƙi dillalin ya tambayo ko za su dawo mini da miliyan ɗaya a dunƙule idan na sayar da Arrow na sayi Piper Archer ko Cessna 172, waɗanda tayoyinsu a kafe suke. Ya ce za su duba a sabuntawa mai zuwa, ba su yi alkawari ba. Kafin nan na gaya wa jikokina cewa bana ba zan ɗauke su ba, kuma ƙaramar cikinsu, wadda na yi wa alkawarin tashinta na farko, har yanzu tana tambayata ko an gama gyaran jirgin.