Samyang 12mm f/2 a jikin Sony a6400, ga mai neman lens mai faɗi da kuɗi kaɗan

Assalamu alaikum jama'a. Tambayar da ƙannenmu masu fara harkar hoto suka fi yi min ita ce wane lens mai faɗi za su saya wanda ba zai cinye musu jari ba, to bari yau in faɗi abin da na gani a kan wanda nake aiki da shi, wato Samyang 12mm f/2 mai fokas na hannu, a jikin kyamarar Sony a6400. Yawancin aikina hoton gidaje ne na dillalai masu ba da haya ko sayarwa, sai ɗakin amarya bayan an gama jere, sai biki in ya samu, dan haka duk abin da zan faɗa ku auna shi da irin wannan aikin.

Kafin ma a zo maganar kuɗi akwai lissafin da mutane da yawa ba sa yi, shine girman sensar kyamararka, wato ɗan farantin da ke kama hoto a cikinta. Ita a6400 da 'yan uwanta irin su a6000, a6100, a6600 da ZV-E10 duk ƙaramar sensa gare su wadda ake kira APS-C, kuma duk lambar milimita (mm) da ka gani a jikin lens sai ka ninka ta sau 1.5 kafin ka san faɗin da za ta ba ka in aka kwatanta da babbar kyamara ful-firem. Kaga kenan 16mm ɗin da ke jikin lens ɗin da ake haɗowa da kyamarar, wato 16-50 ɗin nan, daidai yake da 24mm, shi kuma 12mm daidai da 18mm. Fuji ma 1.5 ne, Canon 1.6, su kuwa Olympus da Panasonic masu Micro Four Thirds sau 2 ake ninkawa, dan haka in irin tasu gare ka wannan 12mm ɗin zai koma 24mm ne kawai, ba zai ba ka faɗin da nake magana a kai ba.

Wani zai ce milimita 4 kacal tsakanin 16 da 12 me zai canza. Wallahi yana canza abu da yawa. Daga hagu zuwa dama 16mm yana ɗaukar wajen digiri 73 ne, 12mm kuwa ya kusa 89, kuma kusurwar ɗaki digiri 90 ce, ma'ana in ka maƙale a lungun ɗaki ka saita kyamara, kusan bango biyun duka za su shigo. A ɗaki mai ƙafa 12 da 12, wanda shine yawancin ɗakunan kwana da nake shiga, wannan bambancin shine tsakanin ka nuna gado shi kaɗai da ka nuna gado da wadurof da madubi da labule a hoto ɗaya.

Da na tashi saye na duba wasu kafin in tsaya a kansa. Sony suna da 11mm f/1.8 da ya fito a 2022, ƙarami ne sosai, giram 181, yana fokas da kansa, amma wajen dala 550 aka sa masa. Sigma 10-18mm f/2.8 da wajen dala 600 ya fito a 2023. Tamron 11-20mm f/2.8 ya haura dala 800 lokacin da ya fito a 2021. Viltrox 13mm f/1.4 yana tsakanin 400 da 500, sai Sigma 16mm f/1.4 wanda kowa ke yabo, shi ma da wajen 450 ya fara a 2017. Shi kuwa wannan Samyang ɗin tun 2014 yake kasuwa, sau da yawa ana samun sabonsa ƙasa da dala 300, na hannu kuma ƙasa da haka sosai, kuma kowa ya san yadda rarar dala 200 take in aka juya ta naira, kuɗin filash ne da batir da ƙafar kyamara mai kyau. Kamfanin na Koriya ta Kudu ne, in ka ga an rubuta Rokinon 12mm f/2 kar ka rikice, abu ɗaya ne, sunan da ake sayar da shi a Amurka kenan.

A hannu yana da daɗin riƙewa, wajen giram 245, bakin da ke shiga kyamara na ƙarfe ne, zoben fokas ɗin yana juyawa a hankali da ɗan nauyi, ba ya silɓewa in ka saita shi ka jefa kyamara a jaka. Zoben buɗin ido kuma, wato mai ƙara ko rage hasken da ke shiga, yana yin ƙas-ƙas daga f/2 inda ya fi buɗewa har f/22 inda ya fi tsukewa. Yana karɓar filta 67mm, kuma za ka iya matsawa kusa da abu har santimita 20.

To babban abin da ke tsorata mutane shine fokas na hannu, kuma nan ne nake so in daɗe, dan shi ya sa da yawa suke ƙara kuɗi su sayi wani ba tare da suna buƙata ba. Lens mai faɗi irin wannan zurfin abin da ke fitowa tar a cikinsa yana da yawa ƙwarai. In ka sa shi a f/8 ka ajiye fokas a wajen mita ɗaya, duk abin da ke daga rabin mita har iya ganinka zai fito tar, ni dai na fi ajiye shi a mita ɗaya da rabi dan bangon can nesa ya ƙara kyau, kuma haka nake barinsa gida guda sukutum, falo da ɗakuna da kicin da tsakar gida, ban sake taɓa zoben ba. Sai in ka buɗe shi f/2 ne za ka nutsu ka saita da kyau, shi ma kyamarar tana da abin da ke zana launi a gefen duk abin da ya shiga fokas, ni ja nake sa wa, ga kuma maɓallin da ke zuƙo hoton ka duba kafin ka danna. Abu ɗaya da dole ka yi ranar farko, tunda lens ɗin ba shi da wayar da ke magana da kyamara, sai ka shiga menu ka kunna Release w/o Lens, in ba haka ba za ka yi ta danna maɓalli ta ƙi ɗauka dan a ganinta babu lens a jikinta.

Ɗakin amarya shine inda yake biya na kuɗina. Duk wanda ya taɓa shiga ɗaki bayan jere ya san babu wajen tsayawa, gado ya cinye rabi, wadurof mai ƙofa shida ya cinye bango ɗaya, ga madubi ga durowar gefen gado ga turaren wuta yana tashi, ga kuma gwaggo ko inna a bakin ƙofa tana cewa "ɗan nan ka tabbatar labulen ya fito, kuma kar ka bar kafet ɗin nan." Yadda nake yi, ina kafa kyamara a kan ƙafa uku a lungun bayan ƙofa, tsayinta daidai ƙirjina ko ƙasa kaɗan, in kunna ma'aunin daidaito na cikin kyamara har ya zama kore, f/8, ISO 100 (ISO shine ƙarfin jin hasken sensa), in sa mata sakan 2 kafin ta ɗauka dan kar hannuna ya girgiza ta, ko da shota ta kai sakan ɗaya a buɗe babu damuwa tunda gado ba ya motsi. Hoton da ke fitowa har zaren da ke jikin zanin gado kana gani, kuma gefen wadurof yana miƙe ɗoɗar. Amma fa ka ɗan ɗaga bakin kyamarar sama kaɗan dan ka kamo fitilar silin, nan take za ka ga wadurof ya kwanta baya bango ya tsuke daga sama kamar ɗakin zai rufta. Wannan ba aibin lens ɗin ba ne, duk wani mai faɗi haka yake ko na miliyan nawa ne, maganinsa kawai ka daidaita kyamara, in kana son silin ka ɗaga ƙafar gaba ɗaya, kar ka karkata kai.

Sannan dan Allah masu hoton gidan haya mu ji tsoron Allah da wannan lens ɗin. Yana sa ƙaramin ɗaki ya yi kama da babba, kuma akwai dillalan da abin da suke so kenan, mutum ya biya kuɗin mota ya zo daga nesa ya tarar da ɗakin da katifa ma da ƙyar za ta shiga. Ni ina haɗa wa da hoto ɗaya ko biyu da 16-50 a wajen 24mm ko 30mm dan mai nema ya ga girman gaskiya, kuma ina roƙon a rubuta awon ɗakin a ƙasan talla.

Wajen haske ma ya taimake ni. Shi 16-50 a f/3.5 yake farawa, wannan kuma f/2, hasken da ke shiga ya ninka kusan sau uku, dan haka in an ɗauke wuta ana cikin kamu sai fitilar caji da hasken wayoyi, ina iya ɗaukar faɗin wajen ba tare da na kai ISO inda hoto zai cika da yashi ba. A f/2 tsakiyar hoto tana da kaifi sosai, gefuna ne suke ɗan laushi kuma kusurwoyi suna yin duhu-duhu, zuwa f/4 ko f/5.6 duk sun gyaru. Masu hoton taurari ma suna sonsa saboda wannan f/2 ɗin, in ka je ƙauye inda babu fitilu ka sa shi sakan 15 zuwa 20 a ISO 1600 ko 3200 za ka sha mamakin abin da ke sama.

Amma maganar gaskiya ba lens ɗin hoton mutane ba ne. Duk wanda ya faɗo gefen hoto sai ya buɗe, fuska ta ja gefe, kafaɗa ta yi faɗi, kuma babu ƙawar amaryar da za ta yafe maka wannan. In dole ne ka ɗauki taron ƙawaye da shi to ka ja baya, ka tara su a tsakiya, ka bar fili hagu da dama ka yanke daga baya, megafiksel 24 ɗin a6400 ya isa a yanka. Ga wanda kashi 80 na aikinsa biki ne da dina, ni Sigma 16mm f/1.4 zan ce ya saya ko da zai ƙara tara kuɗi, dan yana fokas da kansa, yana bin ido, haskensa ya ninka na f/2 sau biyu, kuma bai cika jan fuska ba, illa dai yana da nauyi, giram 405, kuma ba zai ba ka faɗin da ya wuce na 16-50 ba.

Bidiyo kuma sai a hankali. a6400 ba ta da abin hana girgiza a jikinta, lens ɗin ma ba shi da shi, faɗinsa yana ɗan ɓoye rawar hannu amma in za ka yi tafiya kana zagaya gida gimbal kake buƙata, wato mariƙin kyamara mai hana ta girgiza. Daɗinsa a gimbal ba nauyi, kuma tunda fokas a ajiye yake ba ya yin wannan neme-nemen na gaba da baya a tsakiyar ɗauka. Ka lura kuma in kana ɗaukar bidiyon 4K a 30p, wato hoto 30 a sakan, kyamarar tana yanke gefe wajen sau 1.2, faɗin da ka saya da kuɗinka ya ragu kenan, ka zauna a 25p ko 24p. Masu a6500, a6600 ko a6700 da ke da hana girgiza a jiki, ku shiga menu ku gaya mata 12mm ne da hannu tunda ba ta da hanyar sani.

Sauran abubuwan da ya kamata ka sani tun kafin ka biya. Hotonka ba zai zo da bayanin wane lens ko wane f ka yi amfani da shi ba, dan haka a manhajar gyaran hoto ta Lightroom kai za ka zaɓo sunansa da kanka kafin ya gyara duhun kusurwa. A inda baƙi ya haɗu da farin haske, irin ƙarfen taga da rana a bayansa, wani lokacin za ka ga ɗan layin shuɗi ko kore a gefen hoto, dannawa ɗaya ke cire shi. In rana ta shigo kai tsaye yana iya yin ɗigon haske, kar ka cire hular gabansa. Ganyen idonsa guda 6 ne, fitilu suna fitowa da tsinke shida in ka tsuke shi, wasu suna so wasu ba sa so. Kuma ba a yi shi da robar tare ƙura da ruwa ba, wannan kuwa a garinmu lokacin hunturu abin dubawa ne, kyamara marar madubi da ka cire lens sensa a fili take, kuma a f/8 zuwa f/11 da muke hoton gini duk ƙwayar ƙura sai ta fito a sararin sama ko a farin bango. Ni a cikin mota ko cikin ɗaki nake canza lens, bakin kyamara yana kallon ƙasa, da ɗan famfon hura iska a aljihun jaka kullum. In wannan ya dame ka, a 2021 Samyang sun fitar da AF 12mm f/2 mai fokas da kansa kuma mai kariyar ƙura, ya ɗan fi tsada, filtarsa 62mm.

In na hannu za ka saya, je da kyamararka, kar ka yarda da hoton da mai kaya ya turo maka a WhatsApp. Fara duba bakinsa, dan ana yinsa na Sony E da Fuji X da Canon M da Micro Four Thirds, kuma daga gaba duk kamarsu ɗaya. Haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba ko akwai hazo ko zaren fumfuna a cikin gilas, musamman in daga kudu kayan ya zo inda ake da damshi. Juya zoben fokas daga farko har ƙarshe ka ji ko akwai inda yake cijewa. Sai ka samu dogon gini ko katanga mai nisa, ka tsaya daidai gabanta ka ɗauka a f/2.8, ka zuƙo kusurwa huɗun ɗaya bayan ɗaya, in ɗaya ta fi sauran dishi-dishi sosai to gilashin ciki ya goce, wataƙila ya taɓa faɗuwa, ka ajiye masa kayansa ko da ya rage maka rabin kuɗi dan gyaransa ba a nan kusa ba. Ka gwada kuma inda nesa take fitowa tar a zoben, ba lallai ta faɗo daidai kan alamar da aka zana ba, ni da na gano nawa sai na manna ɗan farin tef a wajen dan in riƙa samunsa ko cikin duhu. Kuma ka tabbatar an haɗo maka da hular gaban da murfinsa biyu, dan neman hular ita kaɗai a kasuwa wahala ce.